Shin Fassarar Na'ura Tana Rage Wa Mai Fassara Aiki? Ga Yadda Ake Aunawa Da Wayar Hannu

Akwai wata magana da masu sana'ar fassara a Kaduna suka fara saba ji daga bakin masu kawo musu aiki. Mutum zai zo da takarda mai shafi goma ta Turanci, wadda wata ƙungiya ke so a mayar Hausa don a raba a Kawo ko Unguwar Shanu, sai ya ce, "Malam, ai mun riga mun zuba ta a Google, dubawa kawai za ka yi. A rage mana kuɗin mana." Nan mai fassara kan rasa ta cewa. In ya ce na'urar ba ta tsinana komai ba, ya san bai faɗi gaskiya ba, domin shi ma yana leƙa ta a wayarsa. In kuma ya amince da ragin, bai san ko riba ya ci ko faɗuwa ya yi ba, tunda bai taɓa ɗaukar agogo ya auna ba.

Darasin yau kan wannan awon yake. Matasa da yawa sun shiga aikin fassara ta waya, wasu suna karɓar aiki daga kamfanonin waje ta intanet, wasu suna yi wa ƙungiyoyi da maɗaba'u da gidajen rediyo. Duk wanda ke cin abinci da wannan sana'a yana buƙatar ya san amsar tambaya ɗaya da alƙaluma: minti nawa na'ura ke rage masa, kuma nawa ne kuɗin waɗannan mintuna?

Garin da ya daɗe da sanin aikin

Kaduna ba baƙuwar fassara ba ce. A zamanin Jihar Arewa da Turanci da Hausa ake muhawara a majalisar da ke zama a Lugard Hall, saboda haka ba a rasa tafinta a wurin. Gidan rediyon da aka buɗe a 1962 da sunan BCNN, wanda yanzu shi ne Rediyon Najeriya Kaduna a titin Yakubu Gowon, ya haura shekara 60 yana mayar da labaran duniya Hausa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939, daga baya ta koma ƙarƙashin kamfanin New Nigerian mai ofis a titin Ahmadu Bello. A garin nan kuma Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya zauna, wanda ya yi tarjamar ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa. Biro da tafireta da ƙamus su ne kayan aikin mutanen wancan lokaci.

Na'ura kuwa jiya-jiya ta shigo. A watan Disamba na 2013 Google Translate ya sanya Hausa cikin harsunansa, tare da Yarabanci da Ibo. A 2016 kamfanin ya fara sauya injinsa zuwa sabon tsari mai ɗaukar jimla gaba ɗayanta maimakon ya riƙa haɗa guntayen kalmomi. A 2021 aka sanya Hausa da Turanci cikin gasar fassarar labarai ta WMT, inda masu bincike ke gwada injinansu kowace shekara. Meta ya fitar da NLLB-200 a 2022 da Hausa a ciki, Microsoft Translator ya biyo baya a 2023, sannan ga su ChatGPT da Gemini da ke cikin wayar kowa yanzu. Babu shakka fassarar ta fi ta da kyau nesa ba kusa ba. Sai dai kyan fassara a ido daban, rage wa ƙwararre aiki kuma daban, kuma na biyun ne ake biya a kai.

Abin da aka gano a wasu wurare

Binciken da aka fi ambata a wannan fanni shi ne wanda Mirko Plitt da François Masselot suka wallafa a 2010 daga kamfanin Autodesk, masu manhajar AutoCAD. Sun ba ƙwararrun masu fassara 12 aiki daga Turanci zuwa Faransanci da Italiyanci da Jamusanci da Sifaniyanci, wasu jimlolin su fassara da kansu, wasu kuma su gyara abin da na'ura ta fitar, ana auna lokacin kowace jimla. A matsakaici, yawan kalmomin da suke gamawa a awa ya ƙaru da kashi 74 cikin 100. Amma abin da ya fi jan hankali shi ne tazarar da ke tsakaninsu: wani kashi 20 kawai ya ƙaru, wani kuma har kashi 131. Inji ɗaya, kamfani ɗaya, amma amfanin ya bambanta daga mutum zuwa mutum.

A 2013 Samuel Läubli da abokan aikinsa a Jami'ar Zurich suka yi gwajin a yanayin da ya fi kama da aikin yau da kullum, wato masu fassara suna tare da sauran kayan aikinsu da suka saba. Ragin lokacin da suka samu bai wuce kashi 15 zuwa 20 ba. A wani binciken nasu na 2019 kan takardun banki, gyaran fassarar na'ura ya ƙara sauri da kusan kashi 60 daga Jamusanci zuwa Faransanci, amma daga Jamusanci zuwa Italiyanci kashi 9 da 'yan kai ne kacal.

To, waɗannan duk harsunan Turai ne masu tarin rubutu a intanet, kuma injin Autodesk da tsofaffin takardun kamfanin aka horar da shi. Hausa ba ta da wannan gatan. Duk wanda ya ɗauko kashi 74 ya kawo wa mai fassara a Unguwar Rimi ya ce ga hujjar ragi, to, ya ɗauko takalmin wani ne yana so ya cusa masa.

Akwai kuma dalilin da ya sa ba a dogara da abin da mutum ke ji a jikinsa. A watan Yuli na 2025 wata cibiya mai suna METR ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi da ƙwararrun masu rubuta manhaja 16. Bayan sun gama, sun ɗauka cewa ƙirƙirarriyar basira ta ƙara musu sauri da kusan kashi 20. Agogo kuwa ya nuna sun ƙara daɗewa ne da kashi 19. Ba masu fassara ba ne, amma ciwon iri ɗaya ne: idan shafi ya cika da rubutu cikin daƙiƙa biyu, zuciya takan ɗauka an gama aiki, alhali yanzu za a fara.

Wahala iri uku

Wani masani Bajamushe, Hans Krings, a littafinsa da ya fito da Turanci a 2001, ya kasa wahalar gyaran fassarar na'ura gida uku, kuma har yau da wannan rabon ake aiki. Akwai lokacin da aka ɓata. Akwai aikin hannu, wato yawan gogewa da bugawa a kibod. Akwai kuma aikin ƙwaƙwalwa, wanda shi ne karanta asali, karanta abin da na'ura ta ce, da yanke hukuncin ko a bari ko a gyara. Na ukun nan sai da kayan bincike masu bin motsin ido ake auna shi sosai, don haka ba na mai waya ba ne. Abin da mutum zai iya yi a ɗakinsa shi ne ya auna lokaci da kyau, ya haɗa da awon inganci. Waɗannan biyun sun isa a yi ciniki da su.

Shirya gwajin

Kayan da ake buƙata duk suna cikin waya: agogon ƙidayar lokaci da ke cikin manhajar agogo, Google Sheets ko takarda da biro, da manhajar rubutun da mutum ya saba aiki da ita. Kibod ɗin ma a bar wanda aka saba da shi. Idan mutum yana amfani da Gboard na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, to da shi zai yi gwajin duka, kada a canza a tsakiya.

Sai a samo rubutu na gaske daga irin aikin da ake kawo wa mutum, a yanka shi gida takwas, kowane yanki kalma 300 ko kusa da haka. Huɗu za a fassara da hannu, huɗu kuma a gyara na na'ura. A nan ne mafi yawan masu gwaji ke yin kuskuren farko: sai mutum ya fassara shafi da hannu, sannan ya zuba wannan shafin a na'ura ya gyara, ya ga ya gama cikin rabin lokaci, ya yi ta murna. Ai dole ya yi sauri, tunda ya riga ya warware duk kalmomi masu wuya a zagayen farko. Ba a fassara yanki ɗaya sau biyu. Kuma ba a barin mutum ya zaɓi yankin da zai ba na'ura, domin ba tare da ya sani ba zai tura mata masu sauƙi ko masu wuya, gwargwadon abin da zuciyarsa ke so ya fito. A jefa kwabo, ko a rubuta lambobi a guntayen takarda a yi ƙuri'a.

A kuma riƙa cakuɗawa, ɗaya da hannu ɗaya da na'ura. Wanda ya yi na hannu duka da safe yana da kuzari, ya bar na na'ura sai bayan la'asar ga zafi ga gajiya, to gajiyarsa ya auna. Idan abokai biyu ne suka haɗu ya fi kyau: yankin da na farko ya yi da hannu, na biyu ya yi shi da na'ura, su yi ta musanya har a gama. Ta haka kowane yanki an gwada shi ta hanya biyu ba tare da wani ya maimaita abin da ya riga ya gani ba.

Maganar tsayar da agogo tana buƙatar ƙa'ida tun kafin a fara. Sallah, kiran waya, baƙo ya yi sallama, an ɗauke wuta an tashi neman caji, duk waɗannan a tsayar. Amma buɗe ƙamus, binciken kalma a intanet, tambayar wani malami ma'anar wata kalmar likitanci, duk aiki ne, agogo ya ci gaba da tafiya. Haka nan lokacin kwafe rubutu a zuba a na'ura, jiran netwok, da maido da tsarin sakin layi da kanun da suka wargaje, duk a kan na'ura za a rubuta su. A waya wannan kai da komo tsakanin manhaja biyu yana cin mintuna fiye da yadda ake zato.

Sai kuma a tsayar da irin gyaran da ake magana a kai. Ƙa'idar ISO 18587 ta 2017 ta bambanta cikakken gyara, wanda ake so sakamakonsa ya yi daidai da fassarar mutum, da gyara na sama-sama, wanda burinsa kawai a gane abin da ake nufi. In ana kwatantawa da fassarar hannu, dole cikakken gyara za a yi.

Lissafin

Da kalmomin rubutun asali ake lissafi, wato na Turancin in daga Turanci ake fassarawa. Dalili kuwa Hausa takan bayyana da kalmomi da yawa abin da Turanci ya dunƙule a ɗaya. Kalma guda ta Turanci ce ke zama "masu ruwa da tsaki", wata ta zama "rashin aikin yi", wata "kasafin kuɗi". In aka ƙirga kalmomin Hausa, wanda ya fi tsawaita zance shi zai fito kamar ya fi kowa sauri.

Ga misali da alƙaluman da aka ƙirƙira don darasin nan kawai. A ɗauka yankuna huɗun hannu sun ci minti 38, 52, 41 da 49, jimilla 180. Na na'ura kuma sun ci 25, 51, 28 da 40, jimilla 144. Kowane ɓangare kalma 1,200 ne.

Don samun kalmomin awa ɗaya, a raba kalmomi da mintuna a ninka da 60. A Google Sheets, in kalmomi na gidan B2 mintuna na C2, sai a rubuta =B2/C2*60. Na hannu ya ba da kalma 400 a awa, na na'ura 500. Sauri ya ƙaru da 100 a kan 400, wato kashi 25 cikin 100.

Yanzu a lura da kyau, domin nan ne ake cutar mutane. Ƙarin sauri na kashi 25 ba ya nufin an rage kashi 25 na lokaci. Lokacin da aka rage minti 36 ne daga cikin 180, wato kashi 20. Alƙaluma biyu ne daban da suka fito daga gwaji ɗaya, kuma na saurin kullum ya fi girma. Kashi 74 ɗin nan na Autodesk ma, in aka juya shi zuwa lokaci, kashi 43 ne, kamar yadda masu binciken da kansu suka bayyana. Ko da sauri ya ninka, wato ya ƙaru da kashi 100, rabin lokaci kawai aka rage.

Sai a koma kan kuɗi. A ƙaddara ana biyan naira 20 kan kowace kalma, shi ma misali ne, kowa ya sa farashinsa. Da hannu, kalma 400 a awa ta kawo naira 8,000. Mai aiki ya ce a rage kashi 30 tunda na'ura ta taimaka, farashi ya koma naira 14. Kalma 500 sau 14 naira 7,000 ke nan. Mai fassara ya ƙara sauri, ya gama shafuka da yawa, amma kowace awa yana asarar naira 1,000. Ko da mai aikin ya yi kamar adalci ya ce, "To tunda saurinka ya ƙaru da kashi 25, a rage kashi 25," farashi ya zama naira 15, awa ta kawo 7,500, har yanzu faɗuwa ce. Sai a ragin kashi 20, naira 16 sau 500, ake komawa 8,000 ɗin da aka baro. Iyakar ragin da mai fassara zai iya karɓa ba tare da ya yi asara ba shi ne kason lokacin da ya rage, kuma ko a nan ɗin bai ci ribar ko kwabo ba, gaba ɗaya amfanin na'urar ya tafi aljihun mai aiki. Ba a ma cire kuɗin data da na rajistar manhaja ba tukuna, in ana biya.

A sake duban mintunan misalin ɗaya bayan ɗaya, kada a tsaya kan jimilla. Yanki ɗaya na na'ura ya ci minti 51, ya fi uku daga cikin na hannu daɗewa, alhali wasu biyu sun ƙare a 25 da 28. Wannan alama ce cewa akwai irin rubutun da na'urar ke iyawa da wanda take dagulawa. Sai a koma a duba: wataƙila masu saurin sanarwa ce miƙaƙƙiya, mai jinkirin kuma hira ce mai cike da karin magana. Shi ya sa yake da kyau a ƙara gida ɗaya a jadawalin don rubuta nau'in rubutu, labari ne, takardar asibiti ce, yarjejeniya ce ko talla. Yankuna takwas sun yi kaɗan a yanke hukunci na dindindin, somin taɓi ne kawai. Wanda ya ci gaba da rubuta lokacinsa a kan ainihin ayyukansa na wata ɗaya ko biyu zai sami abin da zai tsaya a kai. In alƙaluma sun taru, dabarar MEDIAN ta Google Sheets tana fitar da adadin da ke tsakiya in an jera su daga ƙarami zuwa babba, kuma ya fi matsakaici amfani a nan, domin rana ɗaya da netwok ya yi tsiya ba za ta jirkita shi ba.

Kada kuma a haɗa Turanci zuwa Hausa da Hausa zuwa Turanci a lissafi ɗaya. Aiki biyu ne, kowanne da jadawalinsa. Haka ma Larabci zuwa Hausa ga masu fassara littattafan addini.

Sauri ba tare da inganci ba

Ana iya gama gyara cikin minti goma in mutum ya runtse ido. Don haka rabin gwajin na biyu shi ne a ba wani wanda ya iya harsunan biyu dukkan yankuna takwas ya duba, ba tare da an gaya masa wanne ne na hannu wanne ne na na'ura ba. A cire duk wata alama, a sa musu lambobi kawai. Mai dubawa zai ja layi a ƙarƙashin kowane kuskure ya ce babba ne ko ƙarami. Babba shi ne wanda ya sauya ma'ana: an tsallake jimla, an juya miliyan ta koma biliyan, an mayar da hani umarni. Ƙarami shi ne na rubutu ko kalmar da ba ta zauna daidai ba amma an gane. A tsarin MQM da ake amfani da shi a gasar WMT, babban kuskure maki 5 ne, ƙarami maki 1, kuma ba laifi a ari wannan ma'aunin. A tara makin kowane ɓangare a kwatanta.

Lokacin mai dubawa shi ma a auna shi. In a misalin nan na sama ya ɓata minti 20 a kan yankunan hannu, 38 a kan na na'ura, jimillar ta koma 200 da 182. Ragin da ake ta murna da shi na kashi 20 ya sauko kashi 9. Aikin bai ɓace ba, tebur kawai ya canza.

Kurakuran da mai duba Hausa zai fi sa wa ido sanannu ne. Turanci kalma ɗaya yake da ita ta "kai" da "ke" da "ku", don haka takardar da aka rubuta wa mata masu zuwa awon ciki tana iya fitowa tana cewa "ka sha maganinka". Akwai haruffa masu lanƙwasa, inda ƙasa ke zama kasa, baƙi ya zama baki, ƙafa ta zama kafa, musamman da yake rubutun Hausa da yawa a intanet, wanda injinan suka koya daga gare shi, ba ya sa lanƙwasar. Akwai rashin tsayawa kan kalma ɗaya, a kira abu da suna kaza a shafi na farko a canza masa suna a na uku. Sai kuma wanda ya fi wuyar kamawa, wato Hausar da kowace kalma tata daidai ce amma ƙashin bayanta na Turanci ne. Mai gyara in ya daɗe yana karanta irinta sai kunnensa ya saba, ya daina jin baƙuntarta. Ga aikin rediyo maganin wannan mai sauƙi ne: a ba wani ya karanta da ƙarfi kamar yana gaban makirufo, a ƙirga wuraren da ya yi tuntuɓe ko ya koma baya.

Tarkon ƙirga gyare-gyare

Wasu kamfanonin fassara ba sa tambayar lokaci sam. Manhajarsu tana kwatanta abin da na'ura ta fitar da abin da mai fassara ya miƙa, ta ƙirga bambancin, a biya shi gwargwadon abin da ya canza. Tushen wannan lissafi tsoho ne, Vladimir Levenshtein ya bayyana shi tun 1965, kuma a 2006 Matthew Snover da abokansa suka gina ma'aunin TER a kan irin wannan tunani: a ƙirga kalmomin da aka ƙara, aka goge, aka musanya ko aka matsar, a raba da yawan kalmomin fassarar ƙarshe. Masu ɗan taɓa Python za su iya gwada shi da kansu, yana cikin sacreBLEU, kyauta ne.

Ma'aunin yana da amfani wajen kwatanta inji da inji, amma a matsayin ma'aunin wahalar mutum yana da rauni ƙwarai. A ce na'ura ta rubuta, "Manaja ya ce za a biya ma'aikata albashi ranar Juma'a," alhali asalin cewa ya yi ba za a biya ba. Gyaran shi ne a ƙara "ba" sau biyu. Gyara 2 cikin kalma 12, kusan kashi 17. A idon manhaja na'ura ta yi fiye da kashi 80 na aikin, alhali jimlar da ta bayar kishiyar gaskiya ce, kuma sai wanda ya karanta asalin a tsanake zai kama ta.

Ga wani kuma. Takardar rabon gado ce da za a kai kotun shari'ar Musulunci, Turancin ya ambaci ɗan'uwan ɗaya daga cikin iyayen mamaci da kalmarsu guda ɗaya da ba ta bambancewa, na'ura ta sa "kawu". Mai fassara ya san cewa a fiƙihun Malikiyya baffa, ɗan'uwan uba, yana cikin asaba masu iya cin gado, kawu na wajen uwa kuwa ba ya ciki. Sai ya koma ya karanta takardar daga farko, bai samu ba, ya kira mai aikin, shi ma sai da ya tambayi dangi. Bayan minti 25 aka tabbatar baffa ne. A lissafin manhaja kalma ɗaya ya canza. A ɗaya gefen kuma, mutum na iya goge gaisuwar buɗe wasiƙa gaba ɗaya ya sake buga wadda ya haddace cikin daƙiƙa 15, manhaja ta rubuta masa gyara goma sha. Wanda aka yi wa tayin biya ta wannan hanya, ya kamata ya riƙe nasa jadawalin lokaci a gefe na sati biyu, ya raba abin da aka biya shi da awannin da ya yi, ya ga ko ya kai abin da yake samu da.

Abu guda da ba ya fitowa a kowane lissafi shi ne sirrin mai aiki. Takardar asibiti mai ɗauke da sunan majiyyaci, ko yarjejeniyar filin da ake shari'a a kansa, ba a zuba su a manhajar kyauta sai da izinin mai su. Don gwaji, a zaɓi rubutun da an riga an wallafa shi, ko a goge sunaye da lambobin waya tukuna.

Bayan wata guda ana rubutawa, jadawalin zai nuna wa mutum layi-layi inda na'ura ke rage masa kashi 30, inda take rage 5, da inda take ƙara masa aiki. Daga nan sai ya fitar da farashi biyu ko uku maimakon ɗaya: sanarwa da labarai miƙaƙƙu ga ragin da zai iya yi, takardun asibiti da na kotu kuwa farashin hannu, ko an zuba su a Google ko ba a zuba ba. A saman jadawalin a rubuta sunan injin da aka yi amfani da shi da ranar gwajin, domin kamfanonin suna sauya injinansu ba tare da sanarwa ba, kuma bayan wata shida sai an sake ɗauko agogo.